Bitamin D kafin dashen ciki: yadda za ki bi da shi

Ana saura wata uku a yi mini dashen ciki, wato IVF, likitata ta ƙara gwajin bitamin D a jerin gwaje-gwajen jinin da ta rubuto mini. Da sakamako ya fito sai na ga 14 ng/mL, an ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a zatona ga dalilin shekaru biyar na rashin haihuwa ya bayyana. Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da nake so ki riƙe, 'yar'uwa.

Ki fara da gwaji, kada ki fara da sayen ƙwaya. Sunan gwajin 25(OH)D, jini kaɗan ake ɗauka a hannu. Ƙasa da 20 ng/mL ƙaranci ne, daga 20 zuwa 29 bai kai ba, 30 zuwa sama kuma yawancin likitocin haihuwa sun ɗauke shi ya wadatar. Ki duba ma'aunin da ke kan takardarki da kyau, domin wasu ɗakunan gwaji da nmol/L suke rubutawa. A wannan ma'aunin 20 ta zama 50, 30 ta zama 75. Na taɓa ganin wata a ɗakin jira tana murna da 40, ashe nmol/L ne, wato 16 kacal.

Me ya haɗa wannan bitamin da haihuwa? A jiki aikinsa ya fi kama da na homon. Akwai wuraren karɓarsa a ƙwan mace, a shimfiɗar mahaifa, a mabiyiya, har a maniyyi. A 2018 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka haɗa nazari 11 da suka ƙunshi mata 2,700 masu neman haihuwa ta asibiti, suka ga waɗanda bitamin ɗinsu ya wadata sun fi samun haihuwa. Amma ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya. Mace mai ƙiba, ko mai matsalar ƙwai ta PCOS, sau da yawa bitamin ɗinta ƙasa yake, kuma ƙibar ko matsalar ƙwan su kansu suna rage nasara. Da aka gwada kai tsaye a Italiya, a binciken SUNDRO da ya fito a 2021, an raba mata 630 gida biyu, rabi aka ba su 600,000 IU (ma'aunin yawan bitamin) a sha ɗaya tak, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Samun ciki bai bambanta ba. Ga maza ma an yi irin wannan a Kofenhagen ta ƙasar Denmark, ingancin maniyyi bai ƙaru ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, gyara ƙaranci wajibi ne saboda ƙashinki da na jaririn da kike fata, amma duk wanda ya ce miki shi ne zai sa dashe ya kama ya faɗi abin da bai tabbata ba.

Idan gwaji ya nuna ƙaranci, lokaci shi ne babban abu. Adadin da ke jini a hankali yake hawa, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya daidaita. Saboda haka ki nemi gwajin tun ranar da aka fara maganar dashe, ba satin da za a fara allurai ba. Nau'in D3 aka rubuta mini. Mai ne ke narkar da shi, don haka nake shansa a tsakiyar babban abincin rana, ba da safe ciki babu komai ba. Na ajiye kwalbar kusa da farantina, domin satin farko da na bar ta a jaka sau uku na manta. Bayan sati goma sha biyu aka sake gwaji, na samu 33.

Batun adadi kuwa, babba mai lafiya, har mai ciki, 600 IU yake buƙata a rana, kuma 4,000 IU ita ce iyakar da ba a so a wuce sai da umarnin likita. Wasu kwalaben da maikirogiram suke rubutu, ɗaya daidai yake da 40 IU. Ki kwashi duk abin da kike sha ki kai wa likita ya gani da idonsa, domin ƙwayoyin masu shirin ɗaukar ciki galibi akwai bitamin D a cikinsu, sai mutum ya tara biyu ko uku bai sani ba. Jiki ba ya zubar da rararsa ta fitsari, ajiye shi yake yi. In ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, a fara tashin zuciya, ƙishirwa, yawan fitsari, wani lokaci har tsakuwar ƙoda. Mai ciwon ƙoda kada ta soma sai an duba ta.

Rana na taimakawa, sai dai fata mai duhu ta fi jimawa kafin ta sarrafa shi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin komai. Kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai suna da shi, amma abinci kaɗai da wuya ya cike giɓi irin nawa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ki ɗage dashe kina jiran lamba ta hau. Idan kin haura shekara 35, kowane wata yana da daraja ga ƙwanki fiye da ƙarin maki biyar a takardar gwaji. Na tambayi likitata ko mu jira, ta girgiza kai ta ce in fara shan ƙwayar a daren, sauran shiri kuma ya ci gaba yadda aka tsara. Ta kuma tuna mini da folik asid, maikirogiram 400 kullum, wanda shi kam amfaninsa ga jariri tabbatacce ne.