Wankin jijiyar haƙori: yadda ake yinsa da abin da ke ɓata shi

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo mai tauri a waje, ƙarƙashinsa wani ƙashi da bai kai shi tauri ba, a tsakiya kuma ɗan ɗaki inda jijiya da ƙananan hanyoyin jini suke. Daga ɗakin nan siraran kafofi suke gangarawa cikin kowace saiwa har ƙarshenta a ƙashin muƙamuƙi. Idan kogo ya ci har ya kai ɗakin, ƙwayoyin cuta su shiga, jijiyar ta kumbura a inda babu sararin kumburi, shi ne zogin da ke hana mutum barci. Babu wata tsutsa a ciki, komai abin da masu cire tsutsar haƙori suka nuna maka a kwano.

Ba kowane ciwon haƙori ne yake bukatar wankin jijiya ba, wato a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke kafofin saiwa a cike su. Wanda ruwan sanyi ya taɓa ya yi tsam, nan da nan ya lafa, galibi ciko ya ishe shi. Wanda zafinsa ke daɗewa ya haura sakan 30 bayan sanyi ko shayi, ko yake tashi da kansa cikin dare, wannan jijiyarsa ba za ta farfaɗo ba. Mafi yaudara shi ne wanda ya yi ta ciwo sannan ya yi shiru. Jijiyar ce ta mutu, cutar kuwa ta zarce gindin saiwa. Alamarta haƙorin ya dushe, ko ya yi zafi in an ciza, ko ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana tsatstsafar da mugunya.

A nan ne jama'a suke asarar kuɗi a kemis. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu jini ba ya shiga cikinsa, don haka amoksisilin ko filajil ba su da hanyar kai wa inda ƙwayoyin suka tare. Kumburin waje zai sauka, bayan 'yan watanni ya dawo. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, ba ya warkarwa. Ɗora asfirin a kan dasashi ƙona shi yake yi, ruwan batir kuwa ba a ma maganarsa.

Kafin a fara

A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, ga kuma asibitocin kuɗi. Duk inda ka je, kada a taɓa haƙorin sai an ɗauki hotonsa. Hoton ne zai nuna yawan saiwoyi da lanƙwasarsu da yadda ƙashi ya cinye a gindi. Ka tambayi zuwa nawa za a yi, ka kuma tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya har da hula, wato murfin da ake sa wa haƙorin bayan an gama, domin sau da yawa farashin da ake faɗa da farko na wankin ne kaɗai. Ka faɗa wa likita in kana da ciwon suga ko hawan jini, ko kana shan maganin tsinka jini, ko penisilin na yi maka borin jini. Mai juna biyu ana yi mata, an fi so tsakanin wata na huɗu da na shida. A ci abinci kafin a zo.

A kan kujera

Da farko allurar kashe zafi, yawanci lidoken. Turmin ƙasa, wato babban haƙorin tauna na muƙamuƙin ƙasa, da ke cikin tsananin kumburi yakan ƙi mutuwa da allura ɗaya. In ka ji zafi ka ɗaga hannu a ƙara, ba wurin nuna jarumta ba ne. Daga nan a ɗaura wata 'yar shimfiɗar roba da za ta ware haƙorin shi kaɗai, don kada yawu ya shiga, kada kuma ƙaramin ƙarfe ya faɗa maƙogwaro.

Likita zai huda saman haƙorin, ya kwashe ruɓar, ya nemo bakin kafofin. Haƙoran gaba da fiƙa galibi kafa ɗaya ce, turmin ƙasa uku ko huɗu. Turmin sama na farko sau da yawa yana da ta huɗu a ɓoye, siririya ƙwarai, kuma ita aka fi tsallakewa. Sai a auna tsawon kowace kafa da na'ura ko da hoto, yawanci tsakanin milimita 19 da 25, a tsaya kamar rabin milimita zuwa ɗaya kafin ƙarshen saiwa. In an gaza kaiwa an bar datti, in an zarce an tura shi cikin ƙashi.

Ana faɗaɗa kafar da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, daga ƙarami zuwa babba, da hannu ko da inji. Amma ainihin aikin ruwan wanki ne yake yinsa. Sinadarin haifokulorait ne, dangin bilicin da ake wanki da shi, an sirka shi zuwa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. Yana narkar da ragowar naman jijiya, ya kashe ƙwayoyi a lungunan da ƙarfe ba ya kaiwa. Ana ɗura shi a zuƙe sau da yawa, shi ya sa zama ɗaya yakan ci awa guda zuwa awa ɗaya da rabi. Wanda ya gama maka turmi cikin minti 20, akwai abin da ya tsallake.

In akwai mugunya, ba a rufewa ranar. Za a zuba wani farin magani mai kashe ƙwayoyi, a toshe da cikon wucin gadi, a ce ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu. A zuwa na ƙarshe a busar da kafofin da tsinkayen takarda, a cusa wasu siraran sandunan roba da ake kira gataparca tare da manne, a danne har su cika, a sake hoto a tabbatar.

Inda aikin ke lalacewa

Bayan zaman farko ciwo yakan tafi, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓacewa. Cikon wucin gadi na 'yan makonni ne. Yana zaizayewa, yawu ya koma ciki, kafofin da aka wanke su sake cika da ƙwayoyi. Wanda ya dawo bayan wata shida yakan tarar an koma farko, ko haƙorin ya wuce gyara.

Sai tsagewa. Turmin da aka huda, kogo kuma ya riga ya cinye gefensa, kamar tukunyar ƙasa ce da ta fara tsagewa, bugu ɗaya take jira. Aya ko ƙashin nama ko rake ko ƙanƙara na iya raba shi biyu har saiwa, kuma saiwar da ta tsage a tsaye ba ta ɗinkuwa, sai cirewa. Don haka turmi yana bukatar hula, ta ƙarfe ko ta tangaran, cikin kamar wata guda. Kafin nan a tauna da ɗaya ɓangaren. In abin da ya rage na haƙorin kaɗan ne, ana kafa ɗan turke a cikin saiwa a gina a kansa, amma sai an sami kamar milimita 2 na lafiyayyen haƙori sama da dasashi kafin hula ta riƙe. Haƙorin gaba da bai lalace sosai ba, farin ciko kan wadatar.

Ta ɓangaren likita kuwa, ana iya tsallake kafa, ƙarfe na iya karyewa a saiwa mai lanƙwasa, ana iya huda gefen saiwa. Karyewar ƙarfe ba lallai ta kashe aikin ba, amma haƙƙinka ne a faɗa maka.

Ɗan ciwo in an ciza na kwana biyu zuwa biyar ba komai ba ne. Babba zai iya shan farasitamol miligiram 1000 da ibuprofen 400 bayan abinci, kowace awa takwas. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar ibuprofen. Kada a ci komai sai leɓe ya dawo daidai, awa biyu zuwa huɗu, don kada a tauna kunci. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki ko haɗiye yawu, wannan na sashen gaggawa ne a daren, domin yana iya toshe numfashi.

Idan aikin bai yi ba, ana kwashe tsohuwar robar a sake wanki. In wannan ma ya ƙi, a ɗaga dasashi a yanke kamar milimita 3 daga ƙarshen saiwa a toshe ta can. Ga yara, haƙorin nono ana cire saman jijiyar kawai a bar ta saiwa, ko a cika da maganin da zai narke tare da saiwar. Iyaye su lura da turmin da ke fitowa can baya a shekara shida: na dindindin ne, ba ya famfara, kuma shi alewa ta fi ci. Duk haƙorin da aka wanke, a koma a ɗauki hotonsa bayan wata shida zuwa shekara, domin a hoto ne ake ganin ko ƙashin gindin saiwa ya fara cikowa.