Yadda nake gyara dandamalin katako kafin in shafa masa launi

A nan Garwa, rana ce ke fara cinye katako, gara ta ƙarasa. Shi ya sa duk shekara biyu nake waiwayar dandamalin da ke barandarmu.

Fara da share shi, ka wanke da ruwa da omo, ka bar shi ya bushe kwana biyu. Duk ƙusar da ta ɗago kai, mayar da ita da guduma. Sai guga da sanfefa, lamba 80 mai kaushi tukuna, sannan 120 mai laushi, kana bin jijiyar katakon. Nan aikin yake, kuma nan mutane ke yin ha'inci. Yayyafa ruwa kaɗan: in katakon ya shanye, ya shirya, in ruwan ya tsaya a kai, akwai sauran tsohon shafi.

Kada ka shafa da tsakar rana, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Launin zai bushe bai shiga ba. Na taɓa yi cikin ƙurar hunturu, aikin ya fito da kaushi, na ji zafin abin sosai. Da sassafe ya fi. Shafa siriri da burushi, goge rarar da tsumma, ka ƙara shafi na biyu washegari.

Tsumman nan kuwa, shimfiɗa shi a waje ya bushe. In ka dunƙule shi da man launin a jikinsa, yana iya kamawa da wuta.