Yadda za ku haɗa tafiyar wasan zamiyar ƙanƙara daga Jamus zuwa Ostiriya cikin sauƙin kuɗi

Duk shekara da zarar sanyi ya shigo sai a fara a guruf ɗin WhatsApp na 'yan uwa da ke karatu ko aiki a Jamus, wai bana fa sai mun je siki, wato wasan zamiya a kan ƙanƙara, kowa ya turo hoton dutse fari fat, mutum 20 su ce suna ciki, ranar da aka ce a turo kuɗi kuma sai ka nemi mutane ka rasa. To ga yadda ake yi in da gaske kuke. Zan ɗauki hanyar Munik zuwa yankin Tirol na Ostiriya don ita ce mafi kusa kuma mafi araha ga mutanenmu na kudancin Jamus.

Ku fara da takardu kafin maganar kuɗi. Mai katin zama na Jamus yana iya shiga Ostiriya ba biza tunda duk cikin Shengen ne, wato yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 cikin kwana 180, amma dole fasfo ya kasance a jikinsa tare da katin, hoton waya ba ya wadatarwa. Kar wani ya ce maka ai babu boda, 'yan sandan Jamus suna duba mutane a kan iyakar Ostiriya tun 2015 kuma suna shiga har cikin jirgin ƙasa, kuma mu dai mun san wa ake fara tambaya. Wanda katinsa ya ƙare yana riƙe da takardar wucin gadi ya tambayi ofishin baƙi tukuna ko irin tasa tana barin mutum ya fita ya dawo, don ba dukansu ba ne. Abokai na Ingila masu fasfon Najeriya ko Nijar kuwa bizar Ingila ba ta shigar da su, sai sun nemi ta Shengen, yuro 90 ce tun 2024 ga inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ga jiran ranar ganawa, to su fara da wuri.

Sai zaɓen lokaci, a nan ake cin riba ko a tafka asara. Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kar ma ku duba. Fabrairu kuma hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, ɗaki ya yi tsada layin lif, wato na'urar da ke hawa da mutane saman dutse, ya yi tsawo. Ku nufi Janairu bayan 6 ga wata, ko ƙarshen Maris in ƙanƙarar ba ta narke ba. A shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu ne, to Janairu ta fi mana ta kowace fuska, don siki da ƙishirwa ba sa shiri wallahi, iskar saman dutse busar da maƙogwaro take.

Yanzu abin da na fi so ku ji: yawancinmu ba mu iya ba. Ba abin kunya ba ne, wa ya taso da ƙanƙara a Kano ko Maraɗi? Amma sai ka ga an dage sai Ischgl ko Kitzbühel ko St. Anton saboda suna, a biya katin lif na wuni da ya haura yuro 70, mutum kuma ya wuni a ɗan gangaren koyo na ƙasa yana faɗuwa tare da yara 'yan shekara biyar, ko kashi ɗaya cikin ɗari na dutsen bai taɓa ba. Ku nemi ƙaramin wuri, ko ku tambaya a wurin sayar da kati ko akwai na masu koyo, ko na rabin wuni, ko na maki wanda ake cirewa duk hawa. Kuɗin da kuka rage a nan ku haɗa ku ɗauki malami ɗaya na awa biyu ya koya muku tsayawa da juyawa, ya fi a ce wani ɗan uwa da ya kalli YouTube jiya shi ne malami. In akwai gwanaye biyu uku a cikinku su sayi babban katinsu su kaɗai, kar a raba da kowa.

Mota ko jirgi? In kun tashi daga Munik jirgin ƙasa ya fi. Tikitin Bayern-Ticket yana ɗaukar har mutum 5 a kan tikiti ɗaya, kuma yana kaiwa har Kufstein da Salzburg duk da suna cikin Ostiriya. Jiragen yanki kawai fa, ban da masu gudu irin su ICE da Railjet, kuma Litinin zuwa Juma'a sai ƙarfe 9 na safe yake fara aiki, Asabar da Lahadi kuwa tun asuba. Mai Deutschlandticket, tikitin wata na jiragen yanki a duk Jamus, ma ya kai Kufstein da shi. Daga can sai ku sayi ɗan tikitin ÖBB, kamfanin jirgin ƙasa na Ostiriya, zuwa Wörgl ko Hopfgarten, ƙauyukan yankin siki na SkiWelt irin su Söll da Scheffau da Ellmau duk suna kusa, kuma a wurare da yawa bas ɗin siki kyauta ne ga mai katin lif ko katin baƙo da masauki ke bayarwa. Masu zuwa daga Balin ko Hambug su duba FlixBus na dare zuwa Munik.

In kuma kun fi son mota, mai kujera 9 ita ce iyakar abin da lasin ɗin ƙaramar mota ke tuƙawa. Ku gaya wa kamfanin haya tun farko cewa za ku tsallaka boda don wasu suna ƙara kuɗi, ku tabbatar tayoyin sanyi ne a jiki, doka ce a Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in hanya da ƙanƙara. Ku sayi binyet, wato shaidar biyan kuɗin babbar hanya, kafin ku shiga, akwai na kwana 1 da na kwana 10, tarar rashinsa ta ninka kuɗinsa sau da yawa. Direba ya tuna lasin ɗin gida wata 6 kawai yake aiki bayan ya zauna a Jamus.

Masauki kuwa ku kama gida guda mai kicin, nesa kaɗan da lif amma kusa da tashar bas. Ku karanta farashin har ƙasa, akwai kuɗin sharar ƙarshe da harajin baƙi na kowane mutum kowane dare da ba sa fitowa a saman shafi. Naman halal ku saya a shagunan Turkawa na kusa da babbar tashar Munik ku taho da shi, shinkafa da taliya da yaji ma haka, sauran ku cike a Hofer, wato Aldi ɗin Ostiriya, kuma kar ku bar sayayya sai Lahadi don yawancin shaguna a rufe suke. A gidajen abinci na saman dutse naman alade yana ɓuya har cikin miya da dankali, to burodi da ƙwai da fulas ɗin shayi a jaka sun raba gardama.

Kaya kar ku saya. Allunan siki da takalmi da sanduna da hular kwano duk haya ake yi, in kun kama su ta intanet tun kafin ku je yakan fi sauƙi, kuma ku nemi ragin taro. Jaket da wando da safar hannu ku ara ko ku duba manhajar gwanjo ta Vinted da shagon kayan wasanni na Decathlon, Lidl da Aldi ma sukan kawo a farkon sanyi. Wandon jins dai a'a, minti goma ya jiƙe.

Inshora kar a yi mata rowa. Katin lafiyarka na Jamus zai yi aiki a asibitin Ostiriya, amma in helikwafta ya ɗauko ka daga kan dutse kusan duk kuɗin a kanka yake kuma dubban yuro ake magana. Ku duba inshorar tafiya da ta ambaci wasannin sanyi da ceto, ko rajistar ƙungiyar masu hawan dutse ta DAV wadda ke haɗe da irin wannan.

Maganar kuɗin taro kuma a yi ta kamar adashe, ma'aji ɗaya, kowa ya zuba kafin alƙalami kafin a kama gida, kuma a faɗa a rubuce cewa wanda ya fasa bayan ranar kaza kuɗinsa ya tafi sai in ya kawo madadinsa. Sauran ƙananan kashe-kashe ku zuba su a manhajar raba kuɗi irin su Splitwise ko Tricount a yi lissafi a daren ƙarshe tun kowa yana gidan, kafin a watse a tashar jirgi.