Kajin Kirsimeti: a yi rigakafi kafin hunturu

'Yan'uwa masu kiwon kajin Kirsimeti, ku ba su maganin rigakafi mai suna Lasota tun a Oktoba, kafin hunturu ya kawo cutar nan mai murɗe musu wuya. A ɗauko maganin cikin ƙanƙara, zafi na lalata shi. Da sassafe a hana su ruwa awa 2, sannan a kwaɓa da ruwan rijiya, ban da na famfo, kulorin na kashe shi. Su shanye cikin awa 2, a inuwa. Wadda ta riga ta kamu, ba ya yi mata komai.

Kashinsu kuwa, ɗanye yana ƙona alayyafo. A tara shi ya ruɓe wata 3. Yara in sun kwaso ƙwai, sabulu kafin tuwo.