Yadda ake amfani da taki mai narkewa a hankali ga barkono

Barkono ba ya cin taki sosai a makonnin farko bayan dashe. Sai ya fara fure da ɗaukar 'ya'ya cinsa ke tashi. Idan aka zuba masa yuriya duka tun farko, ruwa zai wanke wani kaso, wani ya bi iska, kafin saiwa ta buƙace shi. Shi kuwa taki mai narkewa a hankali, an lulluɓe kowace ƙwaya da siririn ɓawon roba ko farar wuta. Danshi ke ratsa ɓawon, sinadaran ciki su riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan.

Fara da karanta buhu. Za ka ga an rubuta wata 3 zuwa 4, ko 5 zuwa 6, wato tsawon lokacin da takin zai ɗauka yana fita. Masu yin taki irin su Osmocote suna yin wannan lissafi ne bisa zafin ƙasa na digiri 21 a ma'aunin Salsiyus. Nan ne mutane ke yawan ruɗewa, domin zafi ke hanzarta fitar takin mai ɓawon roba. In ƙasarka ta fi haka zafi, zai ƙare tun ana tsakiyar tsinka, don haka gara ka ɗauki mai dogon zango. Ka kuma duba kada sinadarin naitirojin (N a jikin buhu) ya danne na fotasiyom (K). In naitirojin ya yi yawa, ganye zai yi shar gwanin sha'awa, fure kuwa na zuba.

Ranar dashe, cuɗa adadin da buhu ya faɗa da ƙasar rami, ka ɗan rufe kafin ka kafa shuka. Kada ka daka ƙwayoyin. Ɓawo ya fashe, takin zai fito lokaci guda ya ƙone saiwa.

Ban ruwa ya zama a kai a kai. Ƙasa ta bushe yau a jiƙa ta sharkaf gobe, kalsiyom ba zai isa cikin 'ya'yan ba, sai ƙarshensu ya yi baƙi ya ruɓe. Ƙarin taki ba ya maganin wannan.

Da tsinka ta kankama, riƙa duba tsofaffin ganyen ƙasa. Rawaya alamar ƙarancin naitirojin ce, ƙonewar gefen ganye kuma fotasiyom ne ya gaza. Tono ƙwaya ka matsa da yatsa. In ka ji holoƙo, takin ya ƙare, sai ka ƙara da ɗan mai narkewa a ruwa.