Yadda gandiroba zai ladabtar da fursuna ba tare da ya zalunce shi ba

Ɗan'uwa, in aikin gidan yari kake, ka fara riƙe wannan: kullen da alƙali ya yi wa mutum shi ne hukuncinsa, ba a turo maka shi dan ka ƙara masa wata azaba ba. To amma fa dole wani zai yi faɗa, wani za a kama shi da waya ko ƙwaya, kuma horo ya zama dole. Hanyar da za ka bi tana cikin dokoki 122 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ana ce musu Dokokin Nelson Mandela, mutumin da shi kansa ya yi shekara 27 a ɗaure.

Da abu ya faru, raba faɗan tukuna, kar ka yanke komai ranka a ɓace. Rubuta abin da ya faru ka kai wa na gaba da kai, sannan a faɗa wa fursunan laifin da ake tuhumarsa da shi da yaren da yake ji, a ba shi lokaci ya kare kansa, in da buƙatar tafinta a nemo. Laifi ɗaya horo ɗaya, ba a maimaitawa. Kuma dan Allah kar ka ɗora wani fursuna ya riƙa hora 'yan'uwansa, wallahi nan ne zalunci yake yin gida, mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi kai kuma ba ka ma sani ba.

Yin duka, rage abinci ko ruwan sha, ɗaki mai duhu ko wanda ba a kashe fitila, hora ɗaki guda saboda laifin mutum ɗaya, duk an haramta. Ankwa ma ba kayan horo ba ce, kuma ba a yanke mutum da iyalinsa da sunan ladabtarwa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ɗakin kaɗaici, wato a rufe mutum awa 22 ko fiye a rana ba mai yi masa magana, mutane na ganin ai ba a taɓa jikinsa ba alhali ƙwaƙwalwa ake taɓawa, wani zai fito ba ya barci, wani yana magana shi kaɗai, wani ma ya nemi halaka kansa. Shi ya sa sai in ba wata mafita ake yi, kuma kar ya wuce kwana 15 a jere. Mai ciki da mai shayarwa ba a sa su sam, haka wanda taɓin hankalinsa zai ƙaru. Ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙa shi kullum, in ya ce jikinsa ko hankalinsa ya fara taɓuwa ka kai maganar sama a ranar, sannan ka rubuta ranar shiga da ranar fita a rajista yadda mai duba gidan zai gani in ya zo.