Yadda muke juya Auta: kare mai jinyar kwance daga gyambon kwanciya

Ranar da aka sallamo ƙanina daga asibiti, wata nas dattijuwa ta biyo ni har bakin ƙofa ta riƙe min gefen mayafi. Ta ce, "Hajiya, ƙafar nan ki bar wa Allah da likitoci. Naki aikin fata ne. Ku juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana." Na ce to Sista, na gode, Allah ya saka. Amma maganar ta bayan kunnena ta bi, don hankalina yana kan kuɗin keken guragu da yadda za mu tsallakar da shi dakalin zaurenmu.

Haɗarin babur ya yi, laka ta taɓu, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai. Hannuwansa lafiya ƙalau. Auta muke ce masa a gida, don shi ne na ƙarshe a ɗakin Inna. Sati uku da dawowarmu, ina canja masa zanin gado, na ga wani wuri kamar faɗin murfin kwalba a ƙarshen gadon bayansa, daidai saman ɗuwawu, ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli. Na ɗauka dauɗa ce, har na sa tsumma na goge. Bayan kwana huɗu wurin ya buɗe. Wata biyar muka yi muna jigilar wankin ciwo, kuma kuɗin da ya ci ya fi na keken.

Abin da ke kawo gyambon nan shi ne danni. Ƙashi yana danne nama da fata a kan katifa, jini ya kasa ratsawa, naman ya mutu. Mai lafiya ko barci yake jikinsa na yi masa ƙorafi, sai ya muskuta bai ma sani ba. Wanda laka ta taɓu, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, ko dai bai ji ƙorafin ba ko ya ji ba shi da halin motsawa. Awanni kaɗan sun isa ɓarna ta fara. Kuma sau da yawa daga ciki take farowa, kusa da ƙashi, kamar mangwaron da ya ruɓe ta wajen ƙwallo alhali ɓawonsa na nan sumul.

Wannan awa biyu da nas ta faɗa tana da tarihi. Wani mai gashin ƙashi ne ya ba ni labarin Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Kafin lokacin, yawancin masu irin wannan rauni ba sa daɗewa, gyambo da ciwon mafitsara ke kai su. Ya kafa dokar a juya kowane majinyaci duk awa biyu, ko barci yake. Shi ne kuma ya fara shirya musu wasanni a 1948, waɗanda suka zama tushen gasar nakasassu ta duniya. Auta ya fi son wannan ɓangaren labarin.

To, ga yadda muke yi.

Agogonmu salla ce. Juyi ɗaya da asuba, ɗaya da hantsi, ɗaya da walaha, ɗaya kafin azahar, haka har isha, sauran tsakani kuma ƙararrawar waya ke cikewa. Na manna takarda a bayan ƙofa mai layi uku: dama, baya, hagu. Duk wanda ya juya shi sai ya rubuta lokaci ya ja layi. Kafin takardar nan kullum sai an yi "ai na zaci ke kika juya shi". Dare shi ne wahalar. Ni ke da sha biyu da biyun dare, ɗan baffanmu da ke kwana a shagon ƙofar gida shi ke da huɗu, Inna ta karɓa da asuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kina jinya ke kaɗai, zauna da dangi tun satin farko ki raba musu awanni da suna, kada ki jira su yi tayi. Masu zuwa dubiya da lemo da ayaba suna da yawa, amma mai cewa "ba ni daren Talata" sai an nemo shi.

Kada a ja majinyaci a kan katifa. Jan nan yana sa fata ta tsaya wuri ɗaya nama ya zame a ƙarƙashinta, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke. Mu zanin gado muke ninkewa biyu mu shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu, kowa ya naɗe gefensa ya riƙe kusa da jiki, a ƙirga uku a ɗaga tare. Idan raunin baya sabo ne, kafaɗa da ƙugu da ƙafa su juya lokaci guda kamar gungumen icce, kuma kada ku bar asibiti sai an gwada muku da hannu, ku ma kun gwada a gabansu. Mai ɗagawa ta lanƙwasa gwiwa, ta bar bayanta a miƙe. Ni sai da na yi sati ina sallah a zaune kafin na koyi wannan.

Kwanciyar gefe ma akwai yadda ake yinta. Ba a ɗora shi cak a kan ƙashin kwatangwalo, don nan ma wurin gyambo ne. A jingina shi rabi da rabi, a cusa filo a bayansa ya tokare shi, nauyin ya sauka a kan tsokar ɗuwawu. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ya kai har idon sawu. In rigingine yake, a sa filo a ƙarƙashin sha-raɓa ta yadda diddige zai yi lilo a iska, ki iya zura tafin hannunki tsakaninsa da katifa. Diddige mugun wuri ne, nama kaɗan ne a kansa. Filo biyar muke amfani da su, uku daga ciki Inna ce ta ɗinka da tsofaffin atamfofi ta cusa musu auduga. Kuma ban da jibga masa filo a baya ya wuni a kishingiɗe, domin a hankali yake zamewa ƙasa, duk nauyin ya taru a inda namu ciwon ya fito. A tayar da shi sosai in zai ci abinci, ya ɗan jima a zaune, sannan a mayar da shi.

Kafin ki rufe shi, shafa zanin da tafin hannu. Kada a bar tattara ko ɓurɓushin abinci. Wata safiya na tarar da shatin abu zagaye a cinyarsa, ashe ƙwayar carbi ce ɗaya ta tsinke ta kwana a ƙarƙashinsa. Shatin bai baje ba sai bayan la'asar.

Yanzu maganar duba fata, inda na yi kuskurena. Duk bayanin da na ji a lokacin cewa yake a lura da inda ya yi ja. Fatar Auta baƙa ce, ja ba zai taɓa nunawa ba. A jikinmu abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana ƙyalli. Sa bayan hannunki ki ji ko ya fi sauran jiki zafi ko sanyi. Taɓa a hankali ki ji ko ya yi tauri, ko ya yi luɓus kamar akwai ruwa a ciki. Safe da dare, da fitilar waya, domin hasken ɗakunanmu ba ya isa. Wuraren dubawa: ƙarshen gadon baya, ƙasusuwan zama biyu, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gefen gwiwa, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, har da kunne ga wanda ba ya iya ɗaga kai. Idan kin ɗauke nauyi daga wuri, rabin awa ta wuce bai koma daidai ba, to ciwo ya fara ko da fata ba ta fashe ba. Kada ya sake kwanciya a kansa har sai ya washe. Kuma kada a murza wurin. Inna da kyakkyawar niyya takan sa man zafi ta mulmula, wai jini ya gudana. Murzar ƙara ɓarna take yi.

Akwai kunya a ciki, ba zan ɓoye ba. Namiji baligi, yayarsa na duba masa ɗuwawu. Kwanakin farko bango yake juya wa fuska, ba ya ce min uffan. Da muka zauna, muka bar wanka da tsarki a hannun ɗan baffanmu, ni kuma in zan duba sai in yi sallama, in faɗi inda zan buɗe, in rufe sauran jikin da zani. Daga baya na sayo masa madubi mai dogon mariƙi. Ranar da ya fara duba kansa ya ce, "Yaya, da tun farko kin kawo wannan." Duk abin da majinyaci zai iya yi da kansa, a bar masa. Yanzu da dare shi ke riƙe ƙarfen gado ya juya kafaɗunsa, ni ƙafafu da filo kawai nake gyarawa.

Danshi abokin gyambo ne. Fitsari, bayan gida, gumi, duk suna jiƙa fata ta yi laushi ta saɓule. Da zarar ya ɓaci a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali, ban da gurzawa, a shafa basilin kaɗan inda fitsari ke taɓawa. Ledar da ake shimfiɗawa don kare katifa kada ta taɓa jikinsa, a ɗora zanin auduga a kai, musamman a zafin Afrilu da mutum ke jiƙewa sharkaf kafin azahar. Da hunturu kuma fata bushewa take ta tsage, man kaɗanya ya wadatar. In yana da robar fitsari, a lura kada ya kwanta a kanta, jakar kuma ta zauna ƙasa da mararsa.

Hunturu na da wani haɗarin. Wanda ba ya jin ƙafarsa ba ya jin wuta. Kaskon garwashi ya yi nesa da shi, ruwan wanka a gwada da gwiwar hannu, kuma ban da gashi da ruwan zafi a inda ba ya ji, komai yawan masu ba da shawarar. Ƙarfen keke da ya sha rana a tsakar gida ma yana ƙona fata.

Katifar iska mai injin da ke hura ɓangare ya sace ɓangare tana taimakawa, mun saya. Amma da wuta take aiki, kin kuwa san halin wutarmu. In an ɗauke ta sace, sai mutum ya koma kan abin da ke ƙasa, don haka a ɗora ta a kan katifar soso mai kauri. Ko da ita, juyi bai faɗi ba.

Zama a keke ya fi kwanciya danne ƙasusuwan zama. Kada a zauna a kan tsurar ledar keken, a nemi matashin da aka yi don wannan, masu gashin ƙashi sun san irinsa. Wani maƙwabci ya kawo mana tiyub ɗin Vespa wai a zauna a kai, rami a tsakiya. Kada ki karɓa, gefen zoben yana datse jini ya kewaye wurin. Duk minti 15 zuwa 30 mai keke ya dafa hannun keken ya ɗaga jikinsa, ko ya sunkuya gaba sosai, ko ya karkata gefe da gefe na minti ɗaya ko biyu.

Abinci kuwa, fata ba ta ginuwa da koko da shayi kaɗai. Wake, ƙwai, awara, kifi, nono, gyaɗa, zogale, abin da aljihu ya iya. Ruwa da yawa, sai in likita ya taƙaita. Auta ya so rage shan ruwa don kada ya dame mu da zubar da jaka, sai da Inna ta yi masa jan ido.

In fata ta riga ta buɗe, ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, wanke da ruwan gishirin asibiti, rufe da bandeji mai tsabta, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani mai kemis ya ce min in fasa kafso in barbaɗa. Na yi, Allah ya yafe min, wurin ya yi ɓawo a sama yana ci ta ƙasa. Ban da kafso, ban da toka, ban da sifirit, ban da garin magani. Idan kuwa ciwon ya fara wari ko fitar da mugunya, ko ya yi baƙin nama, ko gefensa ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko majinyacin ya rikice, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Gyambon nan yana iya cin ƙashi, yana iya shiga jini. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga ciwon da ya yi zurfi.

Ranar asibiti ita kanta sai an yi mata shiri, don tsakanin jijjigar adaidaita sahu da zaman layi mutum na iya shafe awa biyar a kan ƙashi ɗaya. Matashinsa na tafiya da shi duk inda za a zaunar da shi. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamar su a layi. Ina faɗa wa mai karɓar kati cikin ladabi, wani ya ji, wani ya ce kowa ma mara lafiya ne. In an ƙi, sai in ja keken gefe inda akwai inuwa, in sa ƙararrawar minti 20, in ta kaɗa Auta ya dafa ya ɗaga, ni kuma in riƙe masa fayil ɗin.